Jinin Dogo a Ƙarƙashin Fitila

Talata, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka fara.

Ɗakin yana hawa na biyu, can ƙarshen baranda, bayan inda ake ɗibar jini. Kujera ɗaya ce mai kwanciya, da inji a gefenta wanda tsayinsa ya kai ƙirjina. An rufe tagar da labule mai kauri. Sistar da ke kula da injin gajeriya ce mai wushirya, ba ta gaggawa a komai.

Na roƙe ta ta yi min bayani yadda Inna za ta gane, tunda ni ce zan je gida in maimaita. Ta ce injin zai ja jinin Dogo ta hannun dama, ya ware fararen ƙwayoyin, wato sojojin jiki. Su ne suka haukace suke cin fatarsa da bakinsa da idonsa. Za a zuba musu wani magani wanda ba ya aikin komai muddin yana cikin duhu. Sai an bi da su ƙarƙashin fitilar da ke cikin injin, haske ya taɓa maganin, sannan ya farka ya ladabtar da su. Daga nan a mayar masa da su ta hannun hagu. In Allah ya so, su sa sauran su lafa, kumburin ya sauka.

Dogo ya ce, "Wato gidan horo za a kai su."

Ta ce, "Kusan haka."

"To ki ƙara musu bulala, Sista. Ba su da kunya."

Ya yi dariya, leɓensa ya tsage. Na miƙa masa auduga.

Ba ta ce sojojin na wane ne ba, shi ma bai ce ba. Wata goma sha huɗu ke nan da aka kwantar da ni a hawa na uku, aka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙuguna aka sa wa ƙanena. Sankarar jinin ta tafi, ba ta dawo ba. Kowa ya ce Yaya ta ceci Dogo. Har yau in baƙo ya zo, da haka Inna take gabatar da ni.

Awa uku da minti ashirin muka yi. Za a riƙa yi duk Talata da Laraba. Da aka gama ta ba shi baƙin tabarau, ta ce kada rana ta taɓa idonsa ko fatarsa har gobe war haka. Ya ce shekara ashirin yana walda, maigidansa ya zage shi a kan tabarau har ya gaji, yau ga 'yar gajeriya ta sa shi ya saka ba musu.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Na biyu. Ya yi barci tun farko har ƙarshe. Ni na zauna ina kallon jakar da ƙwayoyin ke taruwa. Kalarsu kamar ruwan da aka wanke nama. Ban san me nake tsammanin gani ba.

Juma'a, 6 ga wata, lokacin hutun rana, a ofis

Takardun rantsuwa goma sha bakwai na buga tun safe. Mai ɓatan lasisi, mai gyaran shekarun haihuwa, wata mata da aka rubuta sunanta da harafi ɗaya ba daidai ba ta yi wata uku tana zirga-zirga. Ofishinmu yana ƙasan kotu, tebur uku ne da fanka mai kukan tsohuwar akuya. Shekara goma sha tara ina nan. Layin ƙarshe na kowace takarda yatsuna sun haddace shi, ba na ko kallon allon: na rantse abin da na faɗa gaskiya ne iyakar sanina.

Magatakarda ya ce in riƙa ɗaukar Talata da Laraba, zai san yadda zai yi. Ya ce, "Irinki ba a hana ta komai. Ba kowa ke ba da ɓargonsa ba."

Na ce na gode.

Lahadi, 8 ga wata, bayan la'asar

Gidan Dogo. Na tarar Amarya tana shafa masa mai a baya. Shekararsu tara da aure, amma har yau Amarya muke ce mata, sunan ya bi ta. Bayan nasa ya yi tauri, yana ƙyalli, kamar ƙirgin da aka shanya. Ba ya iya ɗaga hannu sama da kafaɗa. Ta tsaga masa riguna uku ta gaba ta sa musu maɓalli, don ba ya iya zura kai.

Wannan mutumin da ke ɗaukar ƙofar ƙarfe shi kaɗai ya ɗora a mota.

Inna tana kan darduma a gefe. Ta ce in sake yi mata bayanin fitilar. Na yi. Ta ce, "To wai su waye suke cin sa ɗin?"

Auta, ƙaraminmu, ya buɗe baki. Na riga shi. Na ce, "Ƙwayoyin jini ne, Inna, sun rikice."

Ta ce, "Magungunan nan ne da suka ɗura masa. Ni dai na san jinin ɗan'uwa ba ya cuta."

Amarya ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da shafa man. Ita ta san ƙwayoyina ne, likita ya gaya mata tun farko. Ba ta taɓa ce min komai ba, kuma ban san ko kunya ce ko kirki ba.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na huɗu.

Babban likitan jini ya shigo da ɗalibai biyar, suka tsaya a bakin injin da fayil ɗin Dogo. Dogo yana barci. Ni ina kusurwa, ba su ma lura da ni ba, ko sun ɗauka matarsa ce.

Wata ɗaliba ta karanta. Shekara talatin da takwas, namiji, an yi masa dashen ɓargo. Mai bayarwa yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Likitan ya tsayar da ita ya ce, "Mace ta ba namiji. Wace tambaya ake yi wa macen, kuma don me?"

Ba ta sani ba. Wani dogon yaro mai tabarau ya amsa. Ya amsa da kyau, har likitan ya yaba masa. Ɗalibar ta duba fayil ta ce, "Ta ce a'a."

Likitan ya ce, "To kun gani. Duk da haka ga abin da ya faru. Ba kullum lissafi ke fita ba."

Suka fita. Injin ya ci gaba da ƙararsa. Sista ta tambaye ni ko lafiya, wai fuskata ta canja. Na ce fanka ce ba ta kai nan.

Tambaya ta goma sha ɗaya ce a takardar da aka cike min kafin dashen. Na tuna lambar.

Alhamis, 12 ga wata, da hantsi

Ban je aiki ba. Na wanke labulen ɗakina, na wanke wanda na wanke makon jiya.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta yadda ranar ta kasance, ko zan samu in ci abinci.

An gwada jininmu mu biyu, ni da Auta. Nawa ya dace da na Dogo gaba ɗaya, na Auta rabi. Aka kira ni wani ƙaramin ofis mai tebur ɗaya in amsa tambayoyi. Inna ta ce sai ta raka ni, ta zauna a gefena har gwiwarmu na haɗuwa. Amarya tana tsaye a bakin ƙofa da ido jawur. Nas ɗin tana karantowa tana yin alama. Ciwon hanta? A'a. An taɓa ƙara miki jini? A'a. Ciwon suga? A'a.

"Kin taɓa ɗaukar ciki, ko da bai tsaya ba?"

Kafin in numfasa Inna ta ce, "Wayyo, ai ita Allah bai ba ta ba. Shekara shida ta yi a gidan miji, ko ɓatan wata."

Nas ɗin ta kalle ni. Na ce, "A'a."

Ta yi alama ta wuce ta goma sha biyu.

Na ɗauka tambayar cika takarda ce kawai, irin waɗanda nake bugawa. Wallahi haka na ɗauka. Ba wanda ya ce min jinin mace yana riƙe abin da ya taɓa zama a jikinta, har ya koyi faɗa da shi, ya kuma iya tunawa bayan shekara ashirin in ya haɗu da jikin namiji. Yaron mai tabarau ne ya faɗa ranar Laraba, yana murmushi don ya ci tambaya.

Amma ko da an ce min, ga Inna a gefena. Me zan ce?

Zan iya komawa washegari ni kaɗai. Kwana goma sha ɗaya ne tsakanin takardar da ranar ɗibar ɓargon. Wannan ne ba ni da amsarsa.

Lahadi, 15 ga wata, da yamma

Na je gidansu. Na ɗiga masa maganin ido sau biyu, don idonsa ya daina yin hawaye da kansa. Ban faɗa ba.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe biyar

Na biyar. Sai da Sista ta soka sau huɗu kafin ta samu jijiya. Fatar hannun ta yi taurin da allura ke lanƙwasa. Dogo ya ce mata ta bari ya aika shago a kawo mata abin huda ƙarfe. Ba ta yi dariya ba, gumi take yi.

Kafin nan sun kai shi ya hura iska cikin wani bututu, don a auna huhu. Mai awon ya ce, "Hura, hura, hura, ƙara, ƙara." Dogo ya hura har ya kama gefen kujera. Mutumin ya rubuta lamba, ya duba ta watan jiya, ya ce a sake. Aka sake. Ya rubuta.

Hawa benen nan sau biyu ya tsaya. Ya ce takalminsa ne.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je wurin babban likitan ni kaɗai. Na jira daga ƙarfe tara har sha biyu da rabi a benci. Da na shiga ya ɗauka wani abu ya samu Dogo. Na ce a'a, gyara na zo yi a takarda.

Na faɗa masa a tsaye. Jimla biyu ce. Shekara ashirin da biyu ban taɓa furta su ba, sai ga su sun fito kamar ina karanta na wani.

Ya ce in zauna. Ya tambayi wata nawa. Na faɗa. Ya tambayi ɗayar tambayar. Na faɗa. Ya rubuta, ya ajiye biro, ya murza idonsa.

Na ce, "Likita, ni ce?"

Ya ce, "Ƙwayoyinki ne, wannan tun farko kin sani. Ko abin da kika ɓoye ne ya sa, ba wanda zai iya gaya miki. Yana ƙara haɗari. Amma na ga waɗanda 'yan'uwansu maza suka ba su, abin ya fi wannan muni."

"Da kun sani, da Auta za ku ɗauka?"

"Da mun zauna mun auna. Mai yiwuwa ke ɗin dai za mu ɗauka, naki ya fi dacewa. Mai yiwuwa da mun canja magungunan da muka ba shi bayan dashen."

"Da hakan ya hana?"

"Ban sani ba."

Na ce ya ce min eh ko a'a, ko wanne ne zan ɗauka. Ya ce, "Malama, in na ce ba ke ba ce na yi miki ƙarya. In na ce ke ce na yi miki ƙarya." Ya ce ba zai gaya wa kowa ba, ba abin da zai canja a maganin yanzu. Ya tambaya ko ina da wanda nake magana da shi a gida.

Na ce ina da littafi.

Juma'a, 20 ga wata, da safe

Ashirin da ɗaya na buga. Iyakar sanina, iyakar sanina, iyakar sanina.

Lahadi, 22 ga wata, bayan azahar

Inna ta zo ɗakina da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta zauna a bakin gado ta ce na rame. Ta ce in daina sa abin a raina, na yi wanda ba kowa zai yi ba. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Kin ga ikon Allah? Bai ba ki ɗa ba, sai ya ajiye jikinki tsaf don ƙanenki. Komai da dalilinsa."

Na ce haka ne, Inna.

Ta ce in kawo mata ruwa. Na je kicin na tsaya gaban famfo har kofin ya cika ya zube, sai da ta kira ni.

An ce ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya faɗi haka bai ce har tsawon yaushe ba.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

Na bakwai. Yau ya ci ayaba guda, duka, a gabana. Wata biyu rabonsa da abin da ba ruwa-ruwa ba. Sista ta haska bakinsa da tocila ta ce gyambon ya ragu, ta kira wata nas ta zo ta gani. Ta matsa fatar damtsensa, ta ce ta fara sakin jiki. Amarya ta yi ta hamdala a waya har muryarta ta shaƙe.

Fitilar tana aiki.

Ya kamata in yi murna. Na yi, na kamar minti goma. Da muka fito sai da ya zauna a matakala, yana jan numfashi kamar wanda ya yi gudu.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe shida

Na takwas.

Sista ta fita karɓo wani abu, ta ce in kira ta in injin ya yi ƙara. Muka rage mu biyu. Hannayensa duka biyu a miƙe, roba a kowanne, ba ya iya ko sosa hanci. Ya ce in gyara masa matashi. Na gyara.

Ya ce, "Yaya, ki yafe min."

Na ce na me?

"Kin sha wuya kin ba ni abu mai kyau, jikina ya ƙi karɓa. Na ga yadda kike ramewa. Ni ne ban iya riƙon kyauta ba. Tun muna yara haka nake, kin tuna agogon da kika ba ni?"

Da zagina ya yi da na iya shiru.

Na faɗa masa. Na fara da takardar, da Inna a gefena, da abin da yaron mai tabarau ya ce, da abin da likita ya ce da wanda ya ƙi cewa. Sannan shekarar da aka kai ni wurin Goggo koyon buga takardu, ina sha tara. Ban faɗi sunan kowa ba. Bai tambaya ba.

Yana kallon silin. Jinin yana fita ta dama yana komawa ta hagu, sauran awa ɗaya da rabi, ba shi da halin tashi, ni ma ban tashi ba. Sista ta dawo ta ce, "Yau 'yan gidan nan ba hira?"

Da aka gama ya sa tabaransa tun a ɗakin. Na kai hannu zan kama shi a matakala, ya riƙe ƙarfen benen.

A mota ya ce wa direba ya fara sauke ni.

Alhamis, 26 ga wata, da rana

Amarya ta kira. Ta ce ya ce in huta haka nan, Auta zai riƙa kai shi. Ta ce, "Yaya, wani abu ya faru ne? Tun jiya bai yi magana ba." Na ce gajiya ce.

Bai gaya mata ba ke nan.

Asabar, 28 ga wata

Ba kira.

Lahadi, 29 ga wata, da yamma

Inna ta ce mu je gidan Dogo. Na ce kaina ke ciwo. Ta tafi da Auta. Ta dawo ta ce yana tari, kuma ya tambayi ko na ci abinci. Na ce da gaske ya tambaya? Ta ce, "To ƙarya zan yi miki?"

Ina jin ita ta ƙara wannan. Inna takan yi haka in ta ga 'ya'yanta sun yi tsami.

Talata, 1 ga sabon wata, ƙarfe huɗu

Ban gaya wa Magatakarda cewa ba ni ke rakiya ba yanzu. Na shirya da safe kamar kullum, na shiga mota, na sauka a bakin asibitin. Ban shiga ba. Akwai shagon gyaran waya a tsallaken titi mai benci a gaba, na zauna a nan. Daga wurin ana ganin tagar, ta biyu daga ƙarshe, mai labule mai kauri. Ba abin da ake gani sai labulen.

Mai shagon ya tambaye ni sau biyu ko wayata ce ta lalace. Na uku ya kawo min ruwa.

Ƙarfe ɗaya da kwata suka fito. A keken marasa lafiya Auta ya turo shi.

Laraba, 2 ga wata

Haka dai. Benci, labule, keke.

Da ban faɗa ba da ina ciki ina gyara masa matashi. Don wa na faɗa? Na sauke kayana a kan mutumin da ba ya iya ɗaga hannu.

Juma'a, 4 ga wata, ƙarfe uku na rana

An kwantar da shi. Zazzaɓi tun asuba, numfashi ya ƙi. Auta ne ya kira ni a ofis, na bar takardar wani tsoho a rabi. Hawa na huɗu, ɗaki mai gado shida, nasa na jikin bango. An sa masa abin iska a fuska. Na tsaya a baranda ina leƙe ta gilashin ƙofa. Amarya ta fito ta ce in shiga. Na ce mura nake yi, kada in shafa masa.

An dakatar da fitilar sai zazzaɓin ya sauka.

Lahadi, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ya aiko a kira ni. Da na shiga ya yi wa Amarya alama ta kai Inna ta sha iska. Suka fita. Na ja labulen gadon.

Ya rame har ƙashin fuskarsa ya fito irin na Baba. Yana janye abin iskar ya yi magana kaɗan, ya mayar, ya huta, ya sake janyewa. Zan rubuta yadda ya faɗa, ban da tsayawar.

"Na yi fushi, Yaya."

Na ce na sani.

"Har yanzu ina yi. Zauna."

Na zauna.

"'Yata shekararta bakwai. Ina ta lissafi. In na ce da kin faɗa, sai in ce da ba ki ba ni ba fa? Da tun bara an gama. Sai in sake komawa farko. Na gaji da lissafin."

Na ce ba sai ya yafe min ba. Ya ɗaga yatsa, wato in yi shiru.

"Ba shi na kira ki ba." Ya daɗe yana numfashi. "Namiji ne ko mace?"

Ba wanda ya taɓa tambayata, ban da likita, shi kuma don fayil ne. Goggo ta sani don ita ta karɓe shi, ita ta naɗe shi a ɗankwalinta ta fita da shi, ba mu sake zancen ba har ta rasu.

Na ce, "Namiji."

"Wata nawa?"

"Shida. Bai zo da rai ba."

"Kin gan shi?"

"Ƙafarsa kawai. Ɗankwalin bai rufe ta ba."

"Doguwa ce?"

Na ce, "Doguwa ce."

Ya yi wani sauti a cikin abin iskar, na ɗauka shaƙewa ce, ashe dariya yake. Ya ce, "Namu ne." Can ya ce, "Ashe ni kawu ne tun ina sha shida, ba wanda ya gaya min. Ke kaɗai, shekara ashirin da biyu. Har aka yi ta ce miki juya a gidan mijin nan naki, kina ji."

Na kifa kaina a gefen katifar. Ba ya iya ɗaga hannu ya dafa ni, sai ya matso da yatsunsa suka taɓa kunnena. Muka zauna a haka.

Da muka ji takun su Inna ya janye abin iskar ya ce, "Kada ki gaya mata. Ba ta da inda za ta sa shi. Ni na riƙe miki."

Talata, 8 ga wata, da rana

Yau da zaman fitila na goma sha ɗaya ke nan. Sista ta hau har hawa na huɗu ta duba shi a lokacin hutunta. Ta kama damtsensa ta ce, "Ka ga fatar nan ta yi laushi." Ya ɗaga mata gira.

Likita ya kira mu baranda, ni da Amarya da Auta. Ya ce hasken ya yi aiki a baki da fata, amma huhu ya riga ya yi nisa kafin a fara, ga kuma ciwon da ya shiga yanzu. Ya ce za su yi iya yinsu. Amarya ta tambaya yaushe za a koma kan injin. Ya ce mu ga wannan makon tukuna.

Bai kalle ni fiye da sauran ba. Na gode masa a raina.

Laraba, 9 ga wata

Ba ya magana. Na ɗiga masa maganin ido duk bayan awa biyu. Yana gane ni.

Alhamis, 10 ga wata

Ƙarfe tara da kwata na safe.

Litinin, 14 ga wata, bayan la'asar

Masu ta'aziyya sun fara raguwa. Abokan aikinsa sun zo su tara, duk da tabon wuta a hannu, suka zauna a ƙofar gida ba su san me za su ce ba. Magatakarda ya zo. Sista ma ta zo da kayan gida, sai da ta yi murmushi na gane ta.

Duk macen da ta shigo sai ta gaisa da Inna, ta gaisa da Amarya, sannan ta zo ta durƙusa gabana ta ce, "Ke kam kin fita. Kin ba shi har ɓargonki." Inna tana gyaɗa kai. Jiya na ƙirga, sau ashirin da shida. Ina cewa Allah ya ba da lada.

Auta ya ce min ɗazu, "Da nawa ne ya dace, Yaya, da ban san ko zan yi ƙarfin halinki ba." Na ce ya je ya kwashe kujerun waje kafin a yi ruwa.

Gobe Talata. Ba ni da inda zan je. Zan koma ofis.

Mutum ɗaya ne a gidanmu ya san na taɓa haihuwa. Kwana goma sha biyar ya yi da sanin.